Kyamarar da ke kwaikwayon ido ko ta gargajiya, wacce ɗalibi zai zuba kuɗinsa a kai?

Ɗan yayata ne ya jawo wannan magana. Yana ajin ƙarshe a jami'a nan Jos, fannin lantarki yake karanta, ranar wata Talata ya faɗo min shago wajen Terminus ina ta fama da wata DVR, na'urar da ke ajiye bidiyon CCTV, da ta ƙi karanta had dis, ko gaisuwa bai gama ba ya miƙo min waya, wai Kawu kalli wannan. Na duba, allo baƙi ƙirin sai wasu ɗige-ɗige farare suna zana fikafikan fanka tana juyawa, ɗaya bayan ɗaya tar kamar a tsaye take, amma bango da tebur da mutumin da ke zaune a ɗakin duk babu su. Ya ce irin wannan kyamarar yake so ya yi furojek ɗinsa da ita, tana gani kamar yanda idon mutum ke gani, zai kafa ta a Farin Gada ta riƙa ƙirga motoci da keke dare da rana. Na ce kuɗin fa? Ya ce ai shi ya sa na zo wajenka Kawu.

Toh tunda aljihuna aka nufa dole na zauna na yi lissafi, kuma na ga ba shi kaɗai wannan zaɓi zai sha wa kai ba.

Kyamarar da muka saba da ita, ta waya, ta CCTV, ta masu ɗaukar biki, duk aikinsu iri ɗaya ne, ta ɗauki hoto cikakke ta ajiye, ta sake ɗaukar wani, yawanci sau 30 a sakan ɗaya. Sensa mai 1920 sau 1080 tana da ɗigon gani, wato fiksel, sama da miliyan 2, ka ninka sau 30 ka ga kusan miliyan 62 ake karantawa duk sakan ko da ƙuda bai gifta ba. Ni da nake haɗa wa mutane CCTV na san wannan da kyau, mutum zai kira ka a duba abin da ya faru daren jiya, ku zauna kuna kallon katanga da get na awa tara kafin a ga akuya ta wuce. Eh na san ana matse bidiyon kafin a ajiye, ana zubar da abin da ya maimaita kansa, amma fa sai bayan sensa ta riga ta karanta komai ta sha wutarta. Sannan tsakanin hoto da hoto akwai tazarar kamar kashi 33 cikin 1000 na sakan, motar da ke gudun kilomita 100 a awa ta ci kusan mita ɗaya a wannan ɗan tsakanin.

Ido ba haka yake aiki ba. A tantanin da ke bayan ido, wanda likitoci ke cewa retina, akwai ƙwayoyin karɓar haske kusan miliyan 120 masu aiki a duhu-duhu, da wasu kamar miliyan 6 masu rarrabe launi, amma zaren jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa miliyan ɗaya ne da ɗoriya. Kenan tun a cikin ido ake tace labari, ba komai ake turawa sama ba, kuma babban abin da ake ba wa muhimmanci shi ne canji, wani abu ya motsa, wani gefe ya yi haske ko ya dushe. Ka gwada ka kafe idonka a kan ɗigo ɗaya a bango kar ka motsa shi, bayan ɗan lokaci abin da ke gefe-gefe zai fara ɓacewa. Abin da ya sa duniya ba ta ɓace mana gaba ɗaya shi ne idon kansa ba ya zama wuri ɗaya, yana 'yar rawa ƙanƙanuwa da ba ma ji. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Wata ɗaliba ce a Caltech ta Amurka, Misha Mahowald, tare da malaminta Carver Mead, suka fara ƙera retina ta silikon a ƙarshen shekarun 1980. Amma wadda ta zama uwar waɗanda ake sayarwa yanzu a Zurich ta ƙasar Suwizalan aka yi ta, Patrick Lichtsteiner da Christoph Posch da Tobi Delbruck suka fitar da bayaninta a 2008, fiksel 128 sau 128 kacal. Sunanta a takaice DVS, in za ka nema da wannan za ka nema, ni dai kyamarar canji nake ce mata don shi ne gaskiyar aikinta. Kowane fiksel a cikinta sarkin kansa ne, ba ya jiran a ce kowa ya ɗauki hoto, yana zaune shiru yana lura da hasken da ke faɗo masa, da zarar hasken ya ƙaru ko ya ragu da wani kaso sai ya aika ɗan saƙo: ga inda nake, ga lokaci, haske ya hau ko ya sauka. Shikenan. Wanda bai ga canji ba bakinsa alaikum. Waccan ta 2008 tana iya amsawa cikin maikrosakan 15, wato kashi 15 cikin miliyan na sakan.

Kafin mu shiga gwaji bari na rage wa kalmar nan "irin na ido" kaifi, don masu talla sun cika ta da gishiri. Kyamarar canji ɓangare ɗaya kawai ta kwaikwaya, ɓangaren lura da motsi. Ido yana ganin launi, yana da ɗan wuri a tsakiya mai kaifin gani da muke karatu da shi, ita duk ba ta da waɗannan. Kuma ita ta gargajiyar ma ai ta ari nata daga ido, matatar launi da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, wadda ke kan kusan kowace kyamarar waya, kore biyu take sawa a kan kowane ja ɗaya da shuɗi ɗaya, sabida idon mutum ya fi jin kore. Akwai kuma masu ƙera sensa mai lanƙwasa kamar ƙoƙon ido, Sony ta nuna tata a 2014, wasu masu bincike a Hong Kong suka nuna idon roba mai retina zagayayya a 2020, amma waɗannan ba kayan da ɗalibi zai yi oda ba ne, mu bar su a can.

Wajen sauri babu ma gasa, kyamarar canji ce a gaba. Na farko kenan kuma shi ne ya ruɗi yaron. Ƙungiyar Davide Scaramuzza a Jami'ar Zurich ta nuna a 2020 ƙaramin jirgi mara matuƙi yana kauce wa ƙwallon da aka jefa masa, daga ganin ƙwallon zuwa gane cewa abu ne ya taho kashi 3.5 cikin 1000 na sakan. Ta gargajiya a lokacin ko hoto na gaba ba ta ɗauka ba. Amma na tambayi yaron, keken da ke bin Farin Gada da yamma gudun nawa yake yi? Ya yi dariya. In ya samu hanya sosai ya yi 30 ko 40 a awa, a gudun 40 kuwa abin da zai matsa tsakanin hoto da hoto bai kai rabin mita ba, zai fito a hotuna da yawa kafin ya wuce. Saurin maikrosakan a nan kamar ka sayi doki ne don zuwa masallacin ƙofar gida.

Wajen haske ne na fi ba ta girma, don a nan ne kyamarorin da nake sa wa mutane suke ba ni kunya. Da dare mota ta hasko fitila, musamman fararen fitilun nan da 'yan keke da masu mashin ke ƙarawa yanzu, sai allon ya koma fari fat a tsakiya, gefe kuma baƙi, ba ka ganin komai sai ta wuce. Dalili shi ne sensa ta gargajiya tsakanin mafi duhu da mafi haske da za ta iya riƙewa a hoto ɗaya kamar ninki dubu ne, abin da ake rubutawa 60 dB. Kyamarar canji tana kai 120 dB, ninki miliyan kenan, sabida kowane fiksel da hasken da ke gabansa yake gwada kansa, wanda ke cikin fitila da wanda ke cikin inuwa kowa na aikinsa ba ruwan wani da wani. Za ka ga kwalin CCTV da yawa an rubuta WDR 120 dB, ba lallai ƙarya ba ce, hotuna biyu ko uku take ɗauka masu bambancin haske ta haɗe su, a kan abin da ke tsaye yana kyau, a kan abin da ke gudu sai ka ga inuwa biyu kamar fatalwa. To amma kar a ɗauka kyamarar canji tana gani a duhu dulum, a'a, haske take aunawa ita ma, in ya yi ƙaranci sai ta yi sanyin amsawa kuma ɗige-ɗigen banza su yawaita. CCTV ta naira kaɗan mai fitilar infared a jikinta za ta fi ta amfani a lungun da ba wuta.

Yanzu ga inda maganar ta juya. Kyamarar canji ba ta ganin abin da ke tsaye. Sam. Ka tuna na ce ido yana 'yar rawa don kar abu ya ɓace masa, ita in ka ɗaure ta a jikin ƙarfe ba ta da wannan rawar, mota ta tsaya, ta ɓace daga allo kamar an goge ta. Wanda ya san Farin Gada ranar da kayan gwari suka shigo ya san rabin lokaci ababen hawa a tsaye suke, babbar mota ta tare gefe ana sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji, keke goma sun cunkushe suna matsawa taku ɗaya su tsaya, to kowane keke zai bayyana ya ɓace ya sake bayyana, manhajarka in ba ta da wayo sai ta ƙirga keke ɗaya sau biyar. Ana iya magance shi da lissafi, a riƙa tuna inda abu ya tsaya, amma wannan aikin wani ne da ke da shekara biyu a gaba, yaron nan wata huɗu ya rage masa.

Akasin haka ma matsala ce, duk abin da ya motsa sai ta faɗa ko ba ka tambaye ta ba. Ruwan Agusta na Jos da zai wuni yana zuba, ɗigon da ke giftawa gabanta saƙo ne. Ganyen bishiya da iskar hunturu ke kaɗawa saƙo ne. In ƙarfen da ka ɗaura ta a kai ya girgiza don tirela ta wuce, duk gefen gini da allon talla da wayar wuta za su yi magana lokaci ɗaya, ƙarancin data da aka yi maka alkawari ya tafi, miliyoyin saƙo na kwarara a sakan.

Sai kuma wata da ban ga masu bidiyon talla suna ambata ba, wutar lantarki. Wutarmu a Najeriya 50 Hz ce, kwan fitila da yawa, musamman dogayen nan da ƙananan LED masu arha, suna kyaftawa sau 100 a sakan, idonmu ba ya kamawa amma ita tana kamawa sarai, duk abin da wannan kwan ya haska zai riƙa kuka a allo ba tsayawa. Sensar canji ta kamfanonin Sony da Prophesee tana da matatar rage wannan a cikinta, sai dai layin shaguna ɗaya a garin nan za ka samu wani a kan wutar gwamnati, wani janareta da ke hawa da sauka yanda ya ga dama, wani inbata ta sola, kowa da nasa kiɗan. Saita mata wannan kaɗai babi ne guda.

Launi kuwa babu, mafi yawansu hawa da saukar haske kawai suka sani. In malamin da ke duba aikin ya ce a raba tasi da motar gida ta launi, ko a karanta lambar motar da ke tsaye, an gama.

Girman hoto ma da bambanci. Sony IMX636 da aka sanar a 2021, wadda suka yi da kamfanin Prophesee na Faransa, 1280 sau 720 ce, tana cikin manyan da ake samu a kasuwa. GenX320 da Prophesee ta fitar a 2023 don ƙananan na'urori 320 sau 320 ce, fiksel dubu ɗari da 'yan kai. DAVIS346 ta kamfanin iniVation 346 sau 260. Ita kuwa 'yar kyamarar gargajiya samfuri na uku ta Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan ta masu haɗa na'urori, mai sensa IMX708 fiksel miliyan 12 gare ta.

Kuɗi. Wannan ta Raspberry Pi da ta fito a farkon 2023 dala 25 aka sa mata. Akwai 'yar uwarta mai sensa IMX296 da ta fito a 2023 a kan dala 50, wadda ke ɗaukar duk hoton a lokaci ɗaya maimakon layi-layi daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa abin da ke gudu ba ya karkacewa a cikinta. A 2024 suka ƙaro mai IMX500 dala 70, ita wannan a cikin sensar ma ake gane mota ne ko mutum. Cikakkiyar kyamarar canji mai USB irin ta ɗakin bincike kuwa maganar dubban daloli ake, ƙananan allunan GenX320 sun fi sauƙi amma duk da haka sun ninka waɗancan. Ka ɗora kuɗin jirgi da kwastam da canjin dala, sannan in ta lalace ko igiyarta ta samu matsala ba wanda zai taɓa maka ita daga Terminus har Ahmadu Bello Way, har da ni. Ta gargajiya kuwa in ta ƙone yau, cikin sati ka samu wata daga Abuja ko Legas.

Abin da ya fi kuɗin ma nauyi a wajena shi ne manhaja. Duk kayan aikin da ɗalibai suka iya, manhajojin gane abin da ke cikin hoto irin su OpenCV, YOLO da sauransu, hoto suke ci. Ka ba YOLO hoton titi zai zana maka akwati a kan mota da babbar mota da mashin tun ranar farko, keke napep ne kawai sai ka ɗan koya masa da hotunanka tunda ba ya cikin abin da ya taso da shi. Kyamarar canji ba hoto take bayarwa ba, dogon jerin lambobi ne, Prophesee na da Metavision da OpenEB, iniVation na da DV, suna aiki, amma masu amfani da su kaɗan ne, in ka maƙale ƙarfe biyun dare ba lallai ka samu wanda ya taɓa maƙalewa a wurin ba. Kuma abin dariyar, da yawa daga masu farawa sai su tara saƙonnin na ɗan lokaci su mayar da su hoto don su ba YOLO, ka ga an sayi abu mai tsada an mayar da shi abin da ake gudu.

Kar a ce na kushe ta, akwai inda in ni ne zan rufe ido na biya. Abokin karatun yaron yana son na'urar da za ta ƙirga ƙwayar masara ko waken suya da ke zubowa daga mazurari, don masu sayar da iri. Nan fa gidanta ne, bango a tsaye, haske naka ne kai ka zaɓa, abin da kake nema ƙarami ne kuma a guje yake, babu ruwanka da launi. Haka auna girgizar inji ba tare da ka taɓa shi ba, ko kallon tartsatsin walda inda haske ke kashe kowace kyamara, ko jirgi mara matuƙi, ko na'urar da za ta zauna a kan ƙaramin batir tana jiran wani abu ya motsa. Duk da haka shi ma abokin na ce ya fara gwada ta dala 50 ɗin nan da fitila mai ƙarfi wadda ba ta kyaftawa, ya rage lokacin da kyamarar ke buɗe ido don ɗaukar kowane hoto sosai, sai in ƙwayoyin sun fi ƙarfinta sannan ya nemi ta canji.

Su kansu manyan masu binciken ba su ce a jefar da ta gargajiya ba. DAVIS346 da na ambata biyun take yi a sensa ɗaya, hoto da saƙon canji. A 2024 Daniel Gehrig da Scaramuzza suka nuna a mujallar Nature cewa in ka haɗa kyamara mai hoto 20 a sakan da kyamarar canji, za ka samu saurin ganowa irin na mai hoto 5000 a sakan, da data kwatankwacin ta mai hoto 45. Don motoci masu taka birki da kansu aka yi wannan, inda mita ɗaya rai ce. Ɗaya na faɗin mene ne abin, ɗayar na faɗin yaushe ya motsa.

Da na ga yaron ransa bai so ba, sai na ce to mu gwada ba tare da an kashe ko sisi ba. Akwai manhaja kyauta mai suna v2e daga ɗakin binciken Delbruck, kana ba ta bidiyo na yau da kullum ta fitar maka da kwatankwacin abin da kyamarar canji za ta gani. Ba daidai take da ta gaske ba, hasken da bidiyon waya ya riga ya ƙone ba za ta dawo da shi ba, amma ta isa ta nuna maka halinta. Ya je ya ɗauko minti biyu da wayarsa daga benen wani shago, laftof ɗinsa ta kwana tana nishi, da safe muka kalla tare. Mashin da ya ratsa ta tsakiya ya fito tsaf gwanin sha'awa. Motar tumatir da ta cika rabin titi babu ita, sai hannayen masu sauke kaya suna yawo a iska. Wata leda da iska ke wasa da ita a jikin waya ta fi kowa surutu.

Ya yi shiru can ya ce Kawu to ya zan yi da taken furojek ɗin, na riga na gaya wa malam akwai maganar ido a ciki. Na ce ka bar shi, ƙirgar ka yi ta da ta dala 25 da YOLO, babi ɗaya kuma ka sa wannan gwajin na v2e ka nuna inda kowacce ta ci da inda ta faɗi a titin garinku da rana da dare. Na tura masa kuɗin kyamarar da na Raspberry Pi, fawa bank kuma na ce ya ari na uwarsa.

Abin da ya rage yanzu ba na lantarki ba ne. Garin nan ba a kafa kyamara tana kallon titi haka kawai, mutane za su tambaya wa ya aiko ka kuma suna da gaskiya. Ranar Asabar za mu je da takarda daga sashensu, mu fara ganin mai benen, daga nan mu gaida shugabannin kasuwa, in sun amince sai a hau da tsani.